A Gaida Sarkin Formataj

A gaida gwani na gwanaye, mai gyaran kwamfuta na ƙasar Adar, wanda daga Buza har Keita babu na'urar da ta taɓa gagararsa. Yaya za ta gagare shi, alhali maganinsa ɗaya ne tak? A goge komai, a sake zubawa. Formataj, in ji shi, da Faransancin nan mai ƙara wa aiki kuɗi.

Ka kai masa kwamfutar gida, ka ce intanet ta ɗauke ga kuma igiya a soke. Ƙaramin mai gyara, wanda bai san darajar kansa ba, zai duƙa ya leƙa bayan na'urar ya ga ko ƴar fitilar bakin ramin tana ƙyaftawa. In ba ta ci, ya soka wata igiyar, ko ya sauya mata rami a jikin akwatin intanet. Aikin minti biyar ke nan, wa zai biya jaka goma a kansa? Gwaninmu ya fi ƙarfin wannan ƙasƙanci. Shi ba ya duƙawa.

Ina ruwansa da cewa siraran wayoyi takwas ne cikin igiyar, a murɗe bibbiyu, kuma in ɗaya daga cikin masu ruwan lemo ko koraye ta tsinke, zance ya ƙare? Ina ruwansa da ɗan harshen roban kan igiya da ya karye, ko ɓeran da ya ci rabonsa a bayan kabad, ko ƙurar hunturu da ta cika ramin? Ƙa'idar igiyar mita 100 ce, amma an jawo ta daga gidan maƙwabci ta kan katanga uku, rana ta gasa ta har ta tsattsage. Kwamfutar ma kan faɗi ciwonta da bakinta: in ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, to ta yi sallama ne akwatin bai amsa ba. Amma babban likita ba ya ɓata lokacinsa wajen sauraren majinyaci.

In tsawar damina ce ko wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙona ramin, akwai ƴar mahaɗa da ake sokawa ta USB, shi ke nan an warke. Gwani kuwa sai ya yi formataj sau biyu, sannan ya tura ka Madawa ko Maraɗi sayen sabon faifan ajiya. Masu hassada na cewa an bar jaki ana dukan taiki. Ba su lura da alherin da ya yi maka ba: hotunan bikin ƴarka sun tafi, lissafin bashin albasa ya tafi, zuciyarka ta huta, masu riƙe da kuɗinka ma suna sa masa albarka.

Ga shi masanin tarihi. In intanet ta ƙi zuwa bayan duk wannan, laifin rezo ne, tun ranar da aka haɗe kamfanonin sadarwa Sonitel da SahelCom a 2016. Ko kuma laifin Nijeriya ne da ta yanke mana wuta a Agustan 2023. An mayar da wutar tun Maris 2024, amma hujja mai kyau ba ta tsufa a hannunsa.

Yanzu da Starlink ta shigo Nijar, shawararsa ta ƙarshe ita ce ka sayi faranti ka kafa bisa soro. Zai zo da kansa ya haɗa maka shi da kwamfutar, da igiyar nan dai da ɓera ya ci. Ƙanensa ne ke sayar da farantin.