Yadda Ake Biyan Kare Albashi a Buza

Da farko ka cire wa ranka cewa karenka don Allah yake bin ka. Ma'aikaci ne, kuma ba ya yin aiki bashi. Ka ce "zauna", gindinsa ya taɓa ƙasa, to a nan take lada zai shiga bakinsa. In ka tsaya lalube a aljihu har ya miƙe ya hau soshe-soshe, ladan susa ka biya, gobe kuma susa zai yi maka da zuciya ɗaya.

Ana yawan ambaton wani Bature ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya ci kyautar Nobel a 1904, shi ne ya nuna cewa kare na zubar da miyau tun kafin abinci ya iso, muddin ya gane alamarsa. Kowace uwargida a Adar ta san haka ba tare da kyauta ba: ta taɓa murfin tukunya kawai ta ga wanda zai leƙo.

Lada ya zama ɗan mitsitsi, kamar kan ɗan yatsa. Ɓarɓashin cuku, guntun ƙanzo, ɗan hanjin da mahauci zai ba ka na dala ashirin ranar kasuwa. Kuma a yi darasi kafin ya ci tuwo, don ƙosasshen kare ya fi ƙarfin wa'azi. Kilishin Madawa kuwa, kai ma sai baƙo ya zo kake gani, bar shi a bakinka. Albasa dai kul! Ko da ta yi arha har ana rabawa kyauta, tana lalata jinin kare, ɗanya ce ko dafaffiya. Haka ƙashin kaza dafaffe, tsagewa yake ya soke shi a ciki.

In Allah ya haɗa ka da irin dogon karen nan na Azawak, na Buzaye, mai haƙarƙari a waje, kada maƙwabta su ruɗe ka da cewa yunwa ce. Ƙirarsa ke nan. Shi ba kullum ne ma cuku ke burge shi ba. Kwance shi ya ɗan yi tsere a kan fako, ya fi masa nama. Sai dai fa in zomo ya gitta, kira ya ƙare, don haka a fara koyon "zo nan" a tsakar gida tun yana ɗan kwikwiyo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da ya ƙware, sai ka fara ha'inci: yau ka biya, gobe ka shafa kansa ka ce "madalla". Zai ƙara himma, yana sa ran wata rana.

Saura babbar matsala, wato Kaka. Kana can kana ciniki da kare a kan guntun ƙanzo, ita ta juye masa sauran furarta a kasko ba tare da ya yi ko zaman minti ɗaya ba. Ka yi magana, ta ce, "Kai ɗan nan, dabba ce, ba ta da baki." Daga ranar, in ka ce "zauna" zai zauna, amma a ƙofar ɗakinta.