Lemon Citta da 'Yan "Anya Kuwa?" na Zangon Kwatano

Gaisuwa ta musamman ga 'yan "anya kuwa?" na Zangon Kwatano, masu zaman benci bayan la'asar a gefen Babban Masallaci, waɗanda ko zuma aka miƙa musu sai sun ɗaga kwalbar sama sun ƙare mata kallo. Labari ya iso mini cewa kun yanke hukunci: lemon cittar gida ba abin yarda ba ne, shuka ganye a Zango kuwa aikin marar abin yi ne. To, ku gyara zama, yau da ku nake.

Alhaji, da kai zan fara. Kai ne fa ka sayi motar da ta gama tsufa a Turai, aka sauke ta a tashar jiragen ruwan Kwatano, ka ɗan harbi tayarta da ƙafa ka ce ta yi. Kai ne kake ɗarewa bayan ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, mai rigar ruwan ɗorawa, ya kutsa da kai cunkoson kasuwar Dantokpa, ba ka taɓa tambayarsa lafiyar birki ba. Sai da Hajiya ta miƙo maka kofin lemon citta da aka daka a turmin gidanka, sannan binciken ya motsa: "Da wane ruwa aka haɗa shi?" Da ruwan da aka dafa maka shayin safe, ranka ya daɗe.

Tunda ba ka leƙa madafa, ga yadda abin yake. Ana samun ɗanyar citta mai ƙiba, wadda in an karya ta ƙamshi zai bugi hanci. A wanke, a kankare bawon da cokali, a daka ko a markaɗa. Sai a zuba ruwan da aka tafasa ya huce, a jefa kanumfari kaɗan, a rufe kamar awa guda. A tace da ƙyalle mai tsabta, a matse dusar sosai, sannan a bar ruwan ya natsu, domin wani farin ƙulli zai kwanta a gindin roba. Shi ake bari a tsiyaye na sama. Daga nan sai lemon tsami da ganyen na'a-na'a. Mai hali ya markaɗa abarbar Allada ya ƙara, ita da zaƙinta ya isa ya rage wa sukari aiki. Ka ga duk abin da ya shiga kofin nan kana iya kiran sunansa da Hausa. Gwada karanto mini abin da ke rubuce a bayan kwalbar kanti, in ba ka sarƙe ba ni zan biya kuɗin.

Na san abin da Malam na ƙarshen benci zai ce: "Ai tsami yake yi, wani ma har murfi yake harbawa." Gaskiyarka, Malam, amma ruwa ba ya tsami banza. An haɗa sukari da ruwa an ajiye cikin zafin Kwatano, dole ya fara tashi, iska ta taru a gora. Maganin abin sanyi ne da ƙanƙanta buri: a yi na kwana biyu ko uku, a sa a firji, in ba firji a yi na yini ɗaya a shanye. Wanda ya haɗa jarka guda ran Juma'a yana son ta kai shi wata Juma'ar, shi ya jawo wa kansa.

Hajiya, daina dariya, ke ma akwai naki. Gwangwanin lemon kanti na santilita 33 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, kuma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini, wato wajen giram 50 ga babban mutum. In kika juye rabin mudun sukari a bokitin lemon citta ɗaya, kin dai sauya wa matsalar kofi ne. Ki bari yajin cittar ya yi magana.

Saura masu cewa ba fili. Wai a Zango ɗaki na jingine da ɗaki, ƙasar kuma rairayi ce. Ku je Houéyiho, daf da filin jirgin sama, ku ga masu lambu suna fitar da latas da karas daga irin wannan rairayin da taimakon kashin kaji. Ku ba a ce ku yi kadada ba. Tsohuwar jarkar man gyaɗa a yanka ta biyu, a huda gindin, a cika da ƙasa da taki. Na'a-na'a reshe ake tsirawa ta kama. Ɗoɗɗoya, wadda maƙwabtanmu Fon suke kira cayo suna miya da ita, ba ta da fushi. Ita kanta citta tana son laima da inuwa-inuwa. A binne gutsure mai ido a buhun shinkafa, bayan wata takwas zuwa goma a tona. Wanda ya ga yadda ta yi tsada bayan cutar da ta cinye gonakin Kachia da Jaba da Kagarko a kudancin Kaduna a 2023 ba zai raina buhu biyu a bayan ɗaki ba.

Inda kuka fi kusa da gaskiya shi ne batun shanya. A Kano ko Maraɗi a baza zogale, kafin a ankara ya bushe ƙayau. Kwatano kuwa tana tsakanin teku da tafkin Nokuwe, ga damina biyu a shekara, ganye na iya kwana da kwanaki a faifai yana laushi har funfuna ta hau shi. Amma wannan dalili ne na iya lokaci. A jira hunturun Disamba da Janairu. A tsinke ganye da safe, a wanke, a kakkaɓe ruwan, a baza shi ba tuli ba a inuwa mai iska, don rana tsaka tana ƙone launi ta kore ƙamshi. In an murza ya rududduge, ya yi. A zuba a kwalba mai murfin kirki, ban da leda. Citta ita wajen shanya rana take so: a yayyanka siriri a shanya, kuma busasshiya ta fi ɗanya zafi, saboda haka a rage hannu. Duk abin da ya yi funfuna a zubar, ba a kankarewa a ci. In damina ta riske ku da ganye da yawa, a daka a daskarar a firiza, ɗanyar citta kuma a turbuɗe ta cikin yashi.

Kada kuma a juya a ce na ce citta maganin komai ce. Tana kwantar da tashin zuciya, tana ɗumama maƙogwaro lokacin mura. Ba ta maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon suga, kuma mai gyambon ciki ya yi hattara da ita.

Saboda haka, Alhaji, gani ya kori ji. Gobe in ka taso daga masallaci ka biya kasuwa ka sayo citta da lemon tsami, ka tsaya a ƙofar madafa ka ga aikin da idonka. In ka sha bai yi maka ba, ka koma benci ka ci gaba da "anya kuwa?". In kuwa ya yi, to yankan jarka da ban ruwan na'a-na'a sun zama naka daga ranar.