Sabon Zaure, Tsofaffin Mazauna

Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, umarnin shugaba a ƙasar Kiru da Bebeji da ƙafa yake tafiya. Hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya faɗa wa mai unguwa, mai shela ya zaga gari bayan magariba. A ofis kuwa, akwai allon sanarwa da masinja da kekensa. A buga takarda da tafireta, a liƙa ɗaya a allo, a ba masinja sauran ya kai Yako da Zuwo da Dangora. Yanzu duk wannan aiki ya koma zauren WhatsApp. Da wuya a sami makaranta ko asibitin sha-ka-tafi ko ƙungiyar manoma daga Tiga zuwa Doguwa da ba ta da nata.

Zaure yana cika da surutu, har sanarwar taro ta ɓace a tsakanin addu'o'i da tallan taki. Ranar da shugaba ya kira taro mutum bakwai suka zo, ranar yake cewa a rushe a sake gini. Kayan gyara kuwa akwai su. Tun 2018 ana iya rufe bakin kowa a bar shugabanni kaɗai su yi magana. A ƙarshen 2022 aka kawo damar haɗa zauruka da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, da jefa ƙuri'a, da zuba mutum 1,024 a zaure guda. Sai a yanka gida uku: ɗakin sanarwa, ɗakin shawara, ɗakin zumunci. Da an buɗe ƙofa kuma sai ga mutanen jiya sun shigo, kowa da tabarmarsa.

Na farkon shigowa shi ne Mai Gaisuwar Asuba. Kafin liman ya sallame ya turo hoton fure da "barkanmu da tashi". Ranar Juma'a furen yakan zama uku. An ware masa ɗakin zumunci musamman, amma shi a ɗakin shawara yake ajiye furensa, don a can manya suke. Idan aka yi masa magana sai ya ce, "Gaisuwar ma laifi ce?" Ba wanda ya taɓa samun amsar wannan tambaya.

Bayansa sai Sarkin Murya. Shi ba ya rubutu. Saƙonsa minti tara ne, kuma yana da tsari irin na huɗuba. Minti biyun farko sallama ce da ya iyali, ya damina, ya haƙuri da jama'a. Daga nan zakara ya yi cara a bayansa, ya dakata ya kori akuya daga shanyar masara, ya ce wa wani yaro ya miƙo masa buta, sannan ya dawo da "to ina muka tsaya?" Maganar da ta sa shi yin saƙon, wato an ɗage taron Talata zuwa Laraba, tana cikin daƙiƙa goman ƙarshe, inda ba kowa ke kaiwa ba. Tun da aka kawo maɓallin ninka saurin murya a 2021, abokan aikinsa suka daina saninsa da muryarsa ta gaskiya. Idan ya yi magana a gabansu sai su ga kamar ba shi da lafiya.

Akwai kuma rundunar 'Yan An Gani. Yallaɓai ya saki sanarwa mai layi huɗu, kafin ƙiftawar ido mutum sittin sun jero: "An gani, ranka ya daɗe." "Allah ya ƙara girma." "Allah ya ja zamanin yallaɓai." Wanda ya buɗe waya da azahar sai ya yi ta ja sama kamar mai jan guga a rijiyar rani kafin ya tarar da sanarwar. Saboda su aka rufe ɗakin sanarwa. Ba su karaya ba, sun koma ɗakin shawara suna amsa sanarwar da ke ɗaya ɗakin. A tare ɗayansu a tambaye shi ƙarfe nawa ne taron, sai ya ce, "Wane taro?"

Kurman Zaure shekararsa huɗu a ciki bai taɓa cewa uffan ba. Ya kashe shuɗin makin nan da ke nuna an karanta saƙo, yana ganin ya ɓuya. Bai san cewa a cikin zaure wannan dabara ba ta aiki ba: duk wanda ya yi rubutu yana iya duba sunayen waɗanda suka karanta, kuma sunansa ne kullum a sama. Kada shirunsa ya ruɗi kowa. Duk wanda ya yi ƙorafin jinkirin ƙarin girma da daddare, kafin ya goge, hoton maganarsa ya riga ya isa wayar yallaɓai.

Malam Ba Sabis iri biyu ne, kuma adalci ne a raba su. Na gaske shi ne wanda aka tura ƙauyukan gefen dajin Falgore ko cikin duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Wannan bawan Allah ya san dutsen da ake hawa da reshen da ake rataye waya, yakan bar ta a can ya je ya yi alwala, ya dawo ya tarar saƙo ɗari uku sun zubo lokaci guda, taron da ake kiransa kuwa an yi shi shekaranjiya. Na jabu yana zaune a teburin mai shayi a Kwanar Dangora, eriyar kamfanin waya tana kallonsa, yana kallon ƙwallo a wayarsa. Gobe a ofis shi ne zai fi kowa rantsuwa.

Sai Gidan Rediyo, mai turo duk abin da ya faɗo hannunsa: maganin hawan jini da ganyen mangwaro, ɗaukar ma'aikata da aka rufe shekara biyu da suka wuce, hoton haɗarin da ya faru a wata ƙasa an ce a hanyar Jos ne. A 2019 aka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, shi kuwa sai ya mai da abin sahu-sahu. A 2024, kafin gwamnatin tarayya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000, Kano kuma ta sa nata a 71,000, ya riga ya sanar da adadi kala-kala, kowanne "daga majiya mai tushe".

Ɗan Kasuwa ya fi kowa murna da sabon tsari, don da rumfa ɗaya gare shi, yanzu biyu. Shinkafar Tudun Wada, masarar Doguwa, busasshen kifin Tiga, duk akwai, biya ƙarshen wata. Shi kaɗai ne ake karanta saƙonsa har ƙarshe.

Mai riƙe da makullin duk wannan gida, wanda kowa ke kira Admin, yawanci shi ne ƙaramin ma'aikaci a ofis, an ba shi ne don ya iya latse-latse. Mako biyu ya isa mulki ya hau masa kai. Ya rubuta dokoki goma sha biyu, ya goge saƙon wanda ya koyar da shi a firamare, ya fitar da mataimakin shugaba bisa kuskure, ya kwana yana ba da haƙuri. Ƙuri'ar da ya buɗe kan ranar taro mutum tara suka jefa, arba'in kuma suka rubuta a ƙasa cewa duk ranar da yallaɓai ya zaɓa ta yi.

Shi yallaɓan, wanda ya ba da umarnin gyara, wayarsa tana hannun autansa ana kallon zane mai motsi. Idan ya karɓa, yakan tura sanarwar sirri ɗakin zumunci, ya tura gayyatar ɗaurin auren ƙanwarsa ɗakin sanarwa. Shawarwarin da aka tara masa a ɗakin shawara kuwa, ya ce a buga masa su a takarda zai duba.

Idan maganar ta gaske ce, kamar masu duba aiki za su zo daga Kano da safe, sai a ji ya leƙo ta taga yana kiran Baba Masinja. Baba ba ya cikin ko ɗaya daga ɗakunan ukun. Wayarsa 'yar ƙaramar nan ce mai tocila, an ɗaure bayanta da kyauro.

"Baba, a sanar da kowa, gobe ƙarfe takwas."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ya ninke takardar ya cusa a hula, ya hau tsohon babur ɗinsa. Ya tsaya wajen mai shayi, ya tsaya ƙofar masallaci ana fitowa daga la'asar, ya ba direban motar Doguwa saƙo ya sauke a hanya. Washegari ƙarfe takwas saura kwata ofis ya cika, har Malam Ba Sabis na jabu yana sahun gaba da sabuwar hula. Suna zaune ana jiran baƙi wayoyi suka yi ƙara gaba ɗaya. Sarkin Murya ne, daga kujera ta uku, yake sanar da jama'a cewa yau akwai taro.