Nazari a Kan Hawan Na'urar Sanyi Bisa Rufin Tirela a Jihar Texas

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin masu sha'awar yawon daji waɗanda aljihunsu bai kai burinsu ba, wato sayen tirelar kaya, wadda akwati ce ta alminiyam mai taya biyu ko huɗu da ake ɗaura wa mota a baya domin jigilar babura da kayan gini, sannan a mai da ita ɗakin kwana mai gado da murhu da ɗan wurin wanka. Gidajen tafi-da-gidanka na ainihi, waɗanda ake ƙera akasarinsu a yankin Elkhart na jihar Indiana, suna fitowa daga masana'anta da wayarin ɗinsu a shirye, sai dai kuɗinsu ba na wasa ba ne, ita kuwa tirelar kaya ba ta zuwa da komai sai ƙofa da bango huɗu da ɗan ƙwan fitila, saboda haka duk abin da injiniyoyi suka shafe shekaru suna koyo, mai tirelar yakan ƙudura a ransa cewa zai haddace shi tsakanin Juma'a da Lahadi daga bidiyon YouTube.

Babbar matsalar wannan akwati ita ce zafi, domin tirelar da ta wuni a ranar watan Agusta a kudancin Texas ba ta da maraba da tandar gasa gurasa, kuma maganin da aka saba da shi shi ne na'urar sanyaya ɗaki ta saman rufi, irin waɗanda kamfanonin Dometic da Coleman-Mach suke yi. Ana auna ƙarfinta da BTU, ma'aunin da ke nufin yawan zafin da zai ɗaga ɗumin fam ɗaya na ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Farenhait, kuma waɗanda suka fi yawa a kasuwa su ne masu 13,500 da masu 15,000. Na'urar takan yi nauyin kilo 35 zuwa 45, tana zama a kan rami mai faɗin inci 14 a tsawon inci 14 da ake yankawa a rufi, kuma tana shan wutar gida mai folt 120.

Wanda wannan nazari ya shafa wani magidanci ne ɗan Arewa mazaunin bayan birnin Houston, wanda ya taɓa yin yaron mai gyaran wuta a gida tun yana sakandare, kuma a cikin danginsa babu wanda ya isa ya canja ƙwan lantarki yana zaune. Ya kamata a jaddada tun daga farko cewa mutumin nan ba jahili ba ne, kuma kusan duk abin da ya sani game da waya gaskiya ne. Illa iyaka gaskiyar ta wata ƙasa ce, shi kuwa ya ɗauko ta ya tsallako teku da ita ba tare da ya tambaya ko tana aiki a inda ya sauka ba.

Yankan rufin bai ba da wahala ba, sai dai bayan an yanke aka lura cewa kwanon bai fi kaurin gwangwanin madara da wani abin kirki ba, don haka dole aka yi masa firam na katako tsakanin sandunan da ke tallafe rufin. Hawar da na'urar kuwa ya haɗa da tsani biyu da igiya da ƙanin matarsa, wani saurayi ɗalibin jami'a da ya zo hutu, wanda aka ɗora wa kaso mafi tsoka na nauyin bisa hujjar cewa ƙuruciya amana ce. An yi aikin duka a ƙarƙashin rumfar ajiye mota ta gidan saboda inuwa, kuma wannan batu na rumfa ya cancanci mai karatu ya riƙe shi a zuciya.

Kuskure na farko ya faru ne a kantin kayan gini. A Najeriya ana sayar da waya ne da faɗin jan ƙarfen da ke cikinta, a ce mai 1.5 ko 2.5 ko 4, kuma duk yaron shago ya san cewa idan lamba ta ƙaru kauri ya ƙaru. Ma'aunin Amurka, wanda ake taƙaitawa da AWG, ya juya wa wannan hankali baya, domin a wurinsu lamba 10 ta fi 12 kauri, 12 kuma ta fi 14, ta yadda ake ba lamba 14 amf 15, lamba 12 amf 20, lamba 10 kuma amf 30. Amf shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana a cikin waya, folt kuwa ƙarfin da ke tura ta. Takardar da ta zo da na'urar ta nemi lamba 12, magidancin kuwa, da yake mutum ne mai son ya wuce abin da aka nema, sai ya ɗauki lamba 14, kuma da ya ga ta fi araha ya dawo gida yana yi wa iyalinsa bayanin cewa Turawa ba su iya ciniki ba. Abin da ya ƙara wa kuskuren nauyi shi ne, na'urar da za ta ja amf 6 ko 7 a wutar folt 230 ta gida takan ja kusan ninkin haka a folt 120, don haka a ƙasar da waya ta fi buƙatar kauri a nan ya zaɓi ya rage mata.

Sai kuma batun inda za a jona. Tirelolin irin wannan suna amfani da wani filogi mai suna TT-30, mai ɗaukar amf 30 a folt 120, jimillar wat 3,600 ke nan, wanda a ido yake kama da tsohon soket ɗin na'urar busar da tufafi da ke gidaje da yawa, alhali shi wancan folt 240 yake bayarwa kuma ya sha ƙone kayan mutane ƙurmus. Da magidancin ya auna irin wannan soket da ke gidansa ya ga 240, sai ya ji kamar ya haɗu da ɗan garinsu a bariki, kuma abin da ya ceci na'urar shi ne haƙori ɗaya na filogin ya ƙi shiga. Yana cikin neman magagari domin ya daidaita haƙorin ne maiɗakinsa ta leƙo ta ce, "Baban yara, abin da ya ƙi shiga da lalama, ina ganin da dalili aka hana shi." Ya ajiye magagarin, ba don ya yarda ba, sai don la'asar ta yi, daga baya kuma ya sayo mahaɗi ya jona tirelar da soket ɗin bango ta hanyar wata tsohuwar doguwar waya wadda haƙorinta na uku, wato na ƙasa, ya daɗe da karyewa.

Kuskure na biyu shi ne uban tafiyar, kuma yana buƙatar a tsaya a kansa. A tsohon tsarin Ingila, wanda har gobe masu wayarin a Najeriya suke bi ko da yake ita Ingilar ta koma ruwan ƙasa da shuɗi tun 2004, jar waya ce mai wuta, baƙa ce ta dawowa wadda ake kira nutural, koriya kuma ta ƙasa. A Amurka kuwa baƙar ita ce mai wuta, fara ce nutural. Magidancin ya fere wayar filogin, ya ga baƙa da fara da koriya, ya nemi ja bai gani ba, sai ya yi ƙiyasi irin na malamai: tun da baƙa nutural ce bisa ijma'i, koriya kuma an san aikinta, to ba makawa fara ce ta gaji ja. Da wannan fatawa ya ɗaure baƙar a sandar nutural ta ƙaramin akwatin raba wuta, ya kai farar ga bireka, wato makunnin da ke katse wuta da kansa idan ta yi yawa. Daga nan, don ƙarin tsaro a ganinsa, ya haɗa sandar nutural da jikin tirelar, abin da sashe na 551 na kundin ƙa'idojin lantarkin Amurka ya hana a gidajen tafi-da-gidanka, domin a wuri ɗaya tak ake haɗa nutural da ƙasa, wato a tushen wutar.

Kowanne daga cikin waɗannan abubuwa uku, juya wayoyi da haɗa nutural da jiki da karyayyen haƙori, zai iya zama shi kaɗai na tsawon lokaci ba a ji ɗuriyarsa ba, kuma da haƙorin ƙasa yana nan da birekar gidan ta faɗi nan take ta tona asiri. Amma da suka haɗu, sai jikin tirelar baki ɗaya, daga ƙofa har marfin taya, ya zama waya guda mai folt 120, tana tsaye a kan tayoyin roba da guntun katako, tana jiran wanda zai zama mata hanya zuwa ƙasa. Masu harkar suna kiran wannan yanayi zazzafar fata. Abin takaicin shi ne na'urar sanyi ba ta damu da wace waya ta shigo ta wace ƙofa ba, don haka da aka murɗa makunni sai ta yi gurnani ta fara huro sanyi, magidancin kuma, yana sanye da takalmin aiki mai kaurin roba, ya tsaya a ciki yana karɓar gaisuwa.

Ƙanin matar ne ya zo da silifas a kan busasshen siminti ya kama mariƙin ƙofa, ya yi wani tsalle da bai taɓa yi a filin ƙwallo ba, sannan ya ce, "Yaya, wallahi tirelar nan cizo take yi." An bayyana masa cewa wannan wutar gogayya ce irin ta rigar sanyi, aka kuma yi tsokaci a kan ragwancin samarin zamani, har sai da magidancin ya cire takalmi domin alwala ya jingina gwiwar hannu da bango, inda ya sauya ra'ayi cikin gaggawar da ba a saba gani a wurinsa ba. A nan raha tana da iyaka, domin kaso ɗaya cikin goma na amf ɗaya ya isa ya dagula bugun zuciya, kuma irin wannan wayarin ya kashe mutane, musamman masu tsayuwa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin da ya raba waɗannan biyu da makara bushewar simintin ne kawai.

Maƙwabcinsu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin lantarki, shi ne ya zo da ɗan abin gwaji mai fitila uku wanda kuɗinsa bai kai na abincin rana ba, ya soka, ya dubi fitilun, ya dubi magidancin, ya zare filogin da kansa kafin ya ce uffan. Ya mai da baƙa inda baƙa take, ya raba nutural da jiki, ya jefa doguwar wayar a kwandon shara, sannan ya taɓa lamba 14 ɗin da ta yi ɗumi a bayan bango ya tambayi wanda ya ba da shawarar sayenta, tambayar da har yau ba a samu mai amsa ta ba. Aka kwance allunan bangon da aka riga aka yi wa fenti, aka ja sabuwar waya.

Batun janaretan da zai kunna na'urar idan an fita daji bai ɗauki lokaci ba. Kwamfuresa, wato injin da ke matsa iskar gas ɗin sanyi, takan fizgi wuta ninki uku ko fiye na abin da take ci a daidai lokacin tashi, don haka ƙaramin janareta mai wat 2,000, wanda a lissafin takarda ya isa, yakan yi tari ya mutu da zarar ta motsa. Maganin shi ne wani ɗan akwati da ke sassauta tashin injin a hankali, kuma wannan karon dattijon ne ya ɗaura, magidancin yana riƙe da tocila, muƙamin da ya riƙe da mutunci.

Da komai ya kammala, aka ɗaura tirelar a bayan mota, yara suka shiga da kayan ciye-ciye, maƙwabta suka fito kallo, sai aka gano cewa na'urar ta ƙara wa tirelar tsawo kusan ƙafa guda, alhali gungumen da ke bakin rumfar ya fi tsakiyarta gajarta, kuma tirelar ta shiga ne tun tana ba komai a ka. Aka sace iskar tayoyi har suka kwanta, aka zuba ƙanin matar da dattijon da buhunan siminti a ciki don ta ƙara yin ƙasa, aka auna aka sake aunawa, ya rage inci biyu. An gabatar da shawarar a cire gungumen, maiɗakin ta tunatar da taron cewa gidan na haya ne. Saboda haka aka ɗauko tsani biyu da igiya, aka kwance noti huɗun da ke riƙe da na'urar, aka kira saurayin, wanda ya nemi a ba shi minti biyar ya shiga ciki, kuma daga baya aka samu labarin cewa ta ƙofar baya ya fita ya hau bas zuwa makaranta, saura mako guda a koma karatu.