Kindirmon Zinariya

Da yake ni ɗan maƙeran farfaru ne, wanda ya buɗi ido ya tarar da mahaifinsa yana narka azurfa yana zuba zobba da warwaro, kuma na ja zugazugi har tafukana suka yi kanta, sai na ɗauka, ranar da shehun malaminmu ya ɗora mini aikin gauraya zinariya da azurfa a ɗakin gwaji, cewa gado ne ya biyo ni har jami'a, babu abin da ya rage a koya mini face sunayen kwalabe.

Ashe ba zobe ake so ba. Ƙwayoyi ake nema waɗanda faɗin kowace bai wuce nanomita 20 ba, ita kuwa nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Malam ya yi bayani cewa tazarar zarra da zarra a ƙarafan biyu kusan ɗaya ce, shi ya sa suke cuɗanya ba husuma. Ƙwayoyin zinariya zalla ja suke sa ruwa, na azurfa rawaya, gaurayensu kuwa ruwan goro. Har ya kawo labarin kofin Lycurgus na Rumawan ƙarni na 4, wanda ke gidan tarihi na Landan, kore ne a ido, amma in haske ya ratso shi ta baya sai ya koma ja, saboda irin waɗannan ƙwayoyi da ke cikin gilashinsa. Ni dai ina gyaɗa kai, kamar almajirin da ake biya wa karatun da ya haddace.

Da na ga ruwan da aka ce in tafasa, tsararo kamar farau-farau, sai na yi wa malam zaton rowa, na ninka gishirin zinariya da na azurfa da ke cikinsa sau goma da niyyar alheri. Wallahi ban gama zubawa ba kwalbar ta tsinke, farin gudaji ya kwanta a ƙasa tamkar kindirmo, domin gishirin zinariyar yana ɗauke da kuloraid, ita kuwa azurfa ba ta haɗuwa da shi da yawa face ta kama shi sun nutse tare. Na sa yatsu na kwashe don in ɓoye abin kunya. Kafin la'asar, da rana ta taɓa su, suka yi baƙi ƙirin.

Bayan mako uku ina bin ƙa'ida sau da ƙafa, Allah ya nufa na sami ruwan goron, aka ce in busar da ƙwayoyin in jarraba juriyarsu ga zafi. Nan gado ya sake motsawa. Na san zinariya sai digiri 1064 take narkewa, azurfa 962, don haka na murɗa tanda zuwa 600, na tafi sallah hankalina kwance.

Da muka duba da madubin lantarki, sai ga curi-curi kamar ɗanwake. Malam ya cire tabarau ya ce, "Ɗan maƙeri, zarrar da ke bayan ƙwaya maƙwabtanta kaɗan ne, riƙonta sako-sako ne. Tun 1976 Buffat da Borel suka nuna a Suwizalan cewa mafi ƙanƙantar ƙwayoyin zinariya suna narkewa ɗaruruwan digiri ƙasa da na zobe. Naka ko narkewa ba su jira ba, rarrafe suka yi suka manne, azurfar ma ta fara tasowa sama."

Na ce, "Allah ya gafarta malam, a gidanmu ba haka take yi ba."

Da na je hutu na kwashe labari na faɗa wa Baba, ya daɗe yana sauraro, sa'an nan ya tambayi nauyin zinariyar da na ɓata. Na ce ba ta kai ƙwayar gero ba. Ya miƙo mini zugazugi.