Ƙwanjin Zuwa Zance

Ɗan yayata ya samo gwangwanin fenti biyu, ya ɗura musu siminti, ya soka guntun fayif a tsakani, wai shi ya buɗe gidan ɗaga ƙarfe a bayan ɗaki. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, samarinmu suka riƙa ganin ɗalibai da matsattsun riguna, damtse a waje, sai cutar ta kama su.

Ƙa'idar abin ba wuya. Ka tsaya a miƙe, ka riƙe ƙarfen tafin hannunka na kallon sama, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka naɗo shi zuwa ƙirji, ka sauke a hankali, sau 8 zuwa 12. Gogan naku kuwa da ƙugu yake wurgo shi, yana banƙarewa, yana wani nishi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko akuyarmu ce ke naƙuda.

"Kawu, ai Kwamando ma haka ya fara," in ji shi. Yana nufin Arnold Schwarzenegger, wanda ya ci gasar Mr. Olympia sau 7. Na ce, "Yaro, shi da nama da ƙwai ya gina nasa. Kai da garau-garau da awarar bashi za ka kamo shi?"

Ashe akwai lauje cikin naɗi: yarinyar da yake nema a Kurfi take. In mutum ya ɗaga ƙarfe jini kan taru a tsoka, ƙwanji ya kumbura na ɗan lokaci, sannan ya saɓe. To, shi da an sallame la'asar sai ya ɗaga, ya cusa kansa cikin rigar ƙanensa, ya haye acaɓa yana ce wa mai babur ya ƙara wuta. Kafin su shiga Kurfi hannu ya sace kamar tayar da ta taka ƙusa. An ce yanzu bayan zauren surukai yake laɓewa ya ɗaɗɗaga dutse kafin ya yi sallama. Ƙafafun kuwa ba mai tuna su, suna nan kamar na zalɓe.

Ranar kasuwar Laraba uwarsa ta ce ya kama mata buhun masara.

"Inna, yau ranar hutun tsoka ce."

Mai garuwa ne ya ajiye kurarsa ya saɓa buhun, wani siriri da bai taɓa auna damtsensa da tef ɗin tela ba. Ita kanta Innar, shekara talatin tana daka da jan guga, in ta murɗe maka kunne sai ka ga taurari da rana tsaka.

Makon jiya gwangwani ɗaya ya sulɓe ya dira masa a babban yatsa. Yana kwance ana gasa masa ƙafa, ƙarfen kuma Inna ta ja shi gindin darbejiya. A jikinsa akuya take ɗaure yanzu.