Ragon da na ciyar da tsintsiya

Duk Wuro Hausa babu wanda ya kai ni lissafi, in ji ni. Da na sayo ɗan rago a kasuwar Ngurore da damina ta 2024, na rantse ba zan ba masu harawar Jimeta ko sisi ba. Ga gamba a bakin gonata, ga wake na shuka. Me ya rage?

A watan Satumba wani dattijon Bafillace, maƙwabcina a gona, ya dubi gambar ya ce, "Malam, yanke ta yanzu, kafin ta fid da kai."

Na ce, "Baffa, ai ko ƙuguna ba ta wuce ba. Bari ta yi tsawo, dami ya yi yawa."

Ya yi murmushi ya kaɗa shanunsa.

Sai Nuwamba na shiga da lauje, hunturu ya fara busawa, gamba ta fi ni tsawo. Waken ma na bar shi ya bushe ƙayau a tsaye, ina taɓa shi ganye na zuba kamar ana sheƙe ƙaiƙayi. Na ɗaure kara zalla, na cika rufin ɗaki, ina ta baza babbar riga.

Rago ya sunsuna, ya dube ni, ya juya ya kama cin kwali. Washegari ya haɗa da gefen zanen uwargida da ke kan igiya.

Ashe albarkar ciyawa a ganye take, tun tana ɗanya. Da ta yi fure, abin gina jiki ya koma cikin iri, kara kuma ya ƙeƙashe, tumbi ya kasa narka shi. Malaman dabbobi sun ce abincin mai tuƙa na son furotin kamar kashi 7 cikin 100, busasshiyar gamba kuwa da ƙyar take kai rabin haka. Wato na wahala ne na tara kayan zana. Baffa bai taɓa jin kalmar furotin ba, amma shanunsa sheƙi suke yi.

Kafin Maris yara na koyon ƙirga da haƙarƙarin ragona. Uwargida ta ce, "Malam, wannan layya za a yi da shi ko asibiti za a kai shi?" Na lallaɓa Jimeta da magariba, don kada a gan ni, na sayi harawar gyaɗa da dusa a farashin bazara.

Ranar Sallah, kitsen da aka samu bai isa suyar hantarsa ba. Sai da aka aiki yaro sayen man gyaɗa.